Ranar Intabiyu: Buɗe Baki Ka Faɗi Abin da Ka Iya

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau da matasa masu neman aiki za mu yi magana. Iyaye kuma kada ku yi nisa, akwai naku kason a gaba.

Kowace shekara jami'o'i da kwalejoji suna yaye dubban yaranmu. A je bautar ƙasa a dawo, a shiga zaryar kafe ana cike fom, yau na banki, gobe na hukumar kwastam, jibi na wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. Wani sai ya shekara biyu ko uku ko amsa bai taɓa samu ba. Rannan kwatsam sai ga saƙo a waya, an gayyace shi intabiyu ranar kaza da ƙarfe kaza. Daga cikin ɗaruruwan da suka nema ya shiga sahun 'yan ƙalilan da za a gani ido da ido. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wannan matakin na ƙarshe ne yaranmu da dama suke faɗuwa, alhali suna da ilimin, suna da hankalin, wasu ma sun fi wanda aka ɗauka sanin aikin.

Bari mu fara da takardu, domin su ne ake fara dubawa tun kafin a ji muryarka. Sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri ko difloma ko NCE, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, takardar ƙaramar hukuma da ke nuna kai ɗan asalin can ne, lambar NIN, hotunan fasfo. Sai takardar kammala bautar ƙasa, shirin nan da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, takardar yafewa ake ba shi, ita ma a riƙe ta. Malamin makaranta ya haɗa da shaidar rajistarsa ta TRCN, ma'aikaciyar jinya ta tabbatar lasisinta bai ƙare ba. A ɗauki na asali, a ɗauki fotokwafi aƙalla kashi biyu, a jera su cikin fayil mai tsabta yadda in an ce miƙo kaza hannu ba zai tsaya lalube ba.

Amma akwai wata matsala da ta fi addabar mu nan Arewa, ita ce ta suna da ranar haihuwa. Ɗauko takardunka yau ɗin nan, ka shimfiɗa su a kan tabarma, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A firamare an rubuta Muhammadu Sani. A sakandare ya koma Sani Mohammed. A jami'a an ƙara sunan gari a ƙarshe. A NIN kuma wani yaro mai kwamfuta ya rubuta yadda ya ga dama. Ranar haihuwa a nan 1 ga Janairu, a can 5 ga Mayu, shekarar ma wani lokaci ta sha bamban. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Jami'in tantancewa bai san haka ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi maka uzuri. Gyaran nan yana cin lokaci: rantsuwa a kotu, wani lokaci sanarwa a jarida, sannan neman gyara a hukumar NIMC mai kula da NIN, wanda ba a gama shi a kwana ɗaya. Wanda ya bari sai an gayyace shi sannan ya fara wannan zirga-zirga, ya makara. Tun kana zaune ba ka da gayyatar kowa ake yin sa.

Sutura ba sai na ja ta da nisa ba. Kaftani mai guga da hula ya wadatar a mafi yawan ma'aikatun gwamnati. Bankuna da wasu kamfanoni sun fi sabawa da kwat, ka tambayi wanda ya san wurin. 'Yar'uwa, ki sa hijabinki ko mayafinki, ki zaɓi launi mai natsuwa, ki rage turare da kwalliya. A yanke farce, a goge takalmi. Hanya kuwa, in wurin a Bompai yake ko Sharaɗa ko sakatariyar Audu Baƙo a Kano, ka je ka gano ƙofar tun ana gobe, kada ka dogara da cewa mai A Daidaita Sahu ya sani. In Abuja ce, ka kwana a can. Wanda ya taso daga Kano da asuba yana fatan shiga intabiyun ƙarfe goma, ya ɗora wa kansa abin da ba ya hannunsa.

(Ɗan kiɗa)

To, yanzu mu shiga cikin ɗakin, domin nan ne zancen yake.

Tebur ne dogo, mutum uku ko huɗu a bayansa, kowa da biro da takardar ba da maki, ga tulin fayiloli a gefe. Saurayi ya turo ƙofa, ya yi sallama can ƙasan maƙoshi, ya rusuna. Aka ce ya zauna, ya ɗosana a bakin kujera, kai a sunkuye, hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Shugaban kwamitin ya ce, "Malam, ba mu labarin kanka." Ya faɗi sunansa, da garinsu, da makarantar da ya gama, ya yi shiru. Duk wannan yana rubuce a gabansu. Wata Hajiya daga gefe ta ce, "Ka iya aiki da kwamfuta?" Ya ce, "To, muna dai taɓawa." Aka ce, "Ka taɓa riƙe wani aiki?" Ya ce, "A'a ranka ya daɗe, ban taɓa aiki ba." Minti biyar, an sallame shi.

Alhali wannan yaron shekara uku yana riƙe da littafin shagon kawunsa a Kantin Kwari. Shi ke rubuta dilar da ta shigo da wadda ta fita, shi ke bin bashi wurin 'yan sari, shi ya mayar da lissafin shagon daga littafi zuwa kwamfuta har aka gano inda kuɗi ke zurarewa. A bautar ƙasa shi kaɗai ya riƙe darasin lissafi na aji uku a wata makarantar ƙauye. Bai faɗi ko ɗaya ba. A ganinsa zaman shago ba aiki ba ne, taimakon kawu ne. Kuma ko da ya ɗauke shi aiki, bakinsa ba zai iya furtawa ba, domin tun yana ƙarami ake gaya masa yabon kai jahilci ne.

Ina so a fahimce ni da kyau. Tarbiyyar nan da aka yi mana ta kunya da kawaici da sunkuyar da kai gaban manya, abu ne mai daraja, ba na fatan mu rabu da ita. Ita ce ta sa gidajenmu suke da tsari. Sai dai mutanen da ke bayan teburin nan ba su san ka ba, ba su san gidanku ba, kuma minti goma ko sha biyar kawai suke da shi su yanke hukunci. Abin da ka faɗa shi za su ba maki. Abin da ka haɗiye saboda kunya, babu layin da za su rubuta shi. Wani ma cikinsu daga wani yanki ya fito inda ake ɗaukar kawar da ido a matsayin alamar rashin gaskiya ko rashin sanin abin da ake faɗa. Kai kana girmama shi, shi yana rage maka maki.

Ga wanda ke jin kamar addini ya hana, ya koma ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A aya ta 55 ta surarsa, shi da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma kawo dalilansa biyu, cewa zai tsare amana kuma ya san aikin. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da wannan a kan halaccin mutum ya bayyana ƙwarewarsa ga wanda bai san shi ba idan akwai buƙata. Sharaɗin shi ne ya kasance gaskiya.

Saboda haka yaron nan namu, da ya shirya, ga abin da zai ce: "Yallaɓai, na karanta lissafin kuɗi. Shekara uku ina kula da littafin wani shagon atamfa a Kwari. Da na zo, a littafi ake rubuta komai, kaya na ɓata ba a san inda suka shiga ba. Na mayar da lissafin kan kwamfuta, na ware bashin kowane ɗan sari daban, muka koma rufe lissafi kowane mako maimakon ƙarshen wata. Daga nan aka daina samun giɓi." Ku saurari wannan amsar. Bai ce shi gwani ne ba, bai ce ya fi kowa ba. Ya faɗi yadda ya tarar da abu, da abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Kwamitin ne da kansa zai ce yaron nan ya san aiki. Babu alfahari a cikin wannan ko kaɗan, shaida ce ya bayar a kan abin da ya faru.

Irin waɗannan labarai nake so kowane mai neman aiki ya zauna ya tono daga rayuwarsa, guda uku ko huɗu, ya rubuta su. Lokacin da ka warware wata matsala. Lokacin da aka ba ka amanar kuɗi ko kaya. Lokacin da kuka saɓa da wani a wurin aiki kuka daidaita. 'Yar'uwa da ta riƙe aji a Islamiyya shekara huɗu, ko ta yi aikin rigakafi gida-gida tana lallashin iyayen da suka ƙi fito da 'ya'yansu, ko take riƙe da adashin mata talatin ba a taɓa jin kanta da kowa ba, duk wannan aiki ne, kuma masu ɗaukar ma'aikata suna son jin sa. Haka wanda ke jin Hausa da Kanuri, ko Hausa da Fulatanci, ya faɗa da bakinsa. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Borno da Yobe da Adamawa sukan rubuta harshen yankin cikin sharuɗɗan ɗaukar ma'aikata, amma sai ka ga yaro bai ma sa shi a CV ɗinsa ba, wai don a gida ya koya.

Rubutawa kaɗai ba ta isa ba, sai an furta. Mafi yawan intabiyu da Turanci ake yin su, kuma da yawanmu muna karanta Turanci muna rubuta shi, amma baki bai saba ba. Maganin wannan maimaici ne da murya a sama. Ka samu yayanka, ko wani tsohon malaminka, ko maƙwabcin da ke aikin ofis, ka ce ya zauna ya zama kwamiti, ya yi maka tambayoyi ba sani ba sabo. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji inda kake sauri, da inda kake haɗiye kalmomi. Kada dai ka yi hadda, domin mai hadda da an katse shi da wata tambaya sai zaren ya tsinke. Kuma ba a neman Turancin Ingila a wurinka. Gajerun jimloli, a hankali, da murya mai fita, sun fi dogon Turancin da ke kakkarye wa a hanya. In ba ka ji tambaya ba, ka ce a maimaita. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo ta. Waɗanda ke wurin sun ga mutane da yawa, suna gane kame-kame tun daga kalmar farko.

Ido kuma, ba cewa aka yi ka zuba wa babba ido kamar mai neman faɗa ba. Ka ɗaga kai, ka dubi wanda ya yi tambayar yayin da kake amsawa, ka ɗan waiwayi sauran. Ka zauna sosai a kujerar. 'Yar'uwa da ba ta musabaha da maza, ki shirya wa wannan tun daga gida: hannu a ƙirji, ɗan rusunawa, gaisuwa da fara'a tun kafin a miƙo hannu. Yawancin mutane sun san wannan, suna kuma mutunta shi. Abin da ke ɓata lamari shi ne a bar mutum da hannu a miƙe ana kallon ƙasa.

Akwai tambayar da kusan ba a fashin ta: me ka sani game da mu? Abin kunya ne mutum ya zo neman aiki a wuri bai san abin da ake yi a wurin ba, alhali waya na hannunsa dare da rana. Ka karanta sanarwar aikin sau da yawa, domin tambayoyin daga cikinta suke fitowa. Ka san me kamfanin ke sarrafawa, su wa ke saye, ina rassansa. In hukumar gwamnati ce, ka san dalilin kafa ta da wanda ke shugabantarta. In koyarwa ce, ka shirya darasi guda na minti goma, don ana iya miƙa maka alli a ce ga allo. Tun bayan da gwamnatin Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 a kan jarrabawar gwaji ta 2017, ya kamata duk mai neman koyarwa ya san takarda kaɗai ba za ta tsaya masa ba. In kuma an tambaye ka dalilin barin tsohon wurin aikinka, kada ka zagi tsohon maigidanka ko da ya cuce ka. Mai sauraronka yana auna yadda za ka faɗi nasa ne gobe.

Sai batun albashi, inda kunya ke sake kama mu. A ce nawa kake so a biya ka, sai ka ji an ce, "Duk abin da kuka bayar, Allah ya sa albarka." A aikin gwamnati matakin albashi a ƙayyade yake, mai digiri yakan fara ne daga mataki na 8, babu ciniki. A kamfani kuwa akwai magana. Ka bincika abin da ake biyan masu irin aikin, ka faɗi tsakanin kaza da kaza. Ka sani cewa mafi ƙarancin albashi a dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ko da yake dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ka tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire, domin a dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga wurin ma'aikaci, mai aikin ya ƙara kashi 10. Ka kuma nemi a ba ka sharuɗɗan a rubuce. Wannan haƙƙinka ne, tambayarsa cikin ladabi ba rashin godiya ba ce.

Yanzu wasu intabiyun ta waya ake yin su, ta Zoom ko WhatsApp. A cika caji, a sayi data isasshiya, a nemi ɗakin da sabis ke da ƙarfi kuma yara ba sa shigowa, a jingine wayar a kan wani abu kada ta yi ta rawa a hannu, a sa sutura kamar za a fita.

(Ɗan kiɗa)

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu tun da muka fara: Malam, duk wannan zance ne, aiki a ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu. Ba zan ce muku ƙarya ba ne. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin guraben aiki, har wani tsohon ma'aikacin Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ya amsa a gabansa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga hannun masu neman aiki. Abin yana faruwa, kuma zalunci ne. Amma ina roƙonku ku lura da irin ɓarnar da wannan magana ke yi wa wanda ya riƙe ta. Yaro ya shiga ɗaki ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa an gama rabawa, don haka bai karanta komai ba, bai gwada bakinsa ba. In ya faɗi sai ya ce ai dama na faɗa. Alhali asibitin kuɗi da ke neman mai gwajin jini, da makarantar da iyaye ke biyan kuɗi suna bin sakamako, da kamfanin da ke neman mai riƙe masa sito, duk ba za su iya ɗaukar wanda bai iya ba don an yi masa hanya, asararsu ce. Irin waɗannan wuraren suna da yawa, kuma a cikinsu shiri yana aiki.

Ku kuma yi hattara da 'yan damfara, don sun san halin da kuke ciki. Duk gayyatar da ta zo daga inda ba ka nema ba, ko aka ce ka tura kuɗin fom, ko na rajista, ko na riga, ko aka kira ka wani otal ko gidan da babu allon suna, ka tsaya ka bincika. 'Yan mata musamman, kada ki je irin wannan wuri ke kaɗai, ki sanar da gida inda za ki da lokacin da za ki fito. Masu cewa kawo kaza a ba ka ofa sun raba mutane da gonaki da filaye, a ƙarshe takardar ta fito ta bogi. Ba mu manta da ranar Asabar 15 ga Maris 2014 ba, lokacin da aka tara dubun dubatar matasa a filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, bayan an karɓi naira 1,000 daga kowannensu, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 15 suka rasu a turmutsitsi a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin. Allah ya jiƙansu. Babu aikin da ya kai ranka, in ka ga wuri ya rikice, ka ja da baya.

Iyaye, ga naku kason. Yaron da ba a taɓa barinsa ya yi magana gaban manya a gida ba, ba zai iya farawa rana ɗaya gaban baƙi huɗu ba. Ku riƙa tambayar 'ya'yanku ra'ayinsu, ku bar su su kai ƙarshen magana. Idan an gayyaci ɗanku ko 'yarku intabiyu, bayan addu'a da kuɗin mota, Baba ka zaunar da shi ka ce, gaya mini abin da ka iya kamar ban san ka ba. Inna ki saurari 'yarki tana gwada amsoshinta ko da ba kya jin Turancin, za ki gane inda muryarta ke rawa. In kuma ba a dace ba, kada a tare shi da gori a bakin ƙofa. A tambaye shi me aka tambaye shi, ina ya kakare, ya rubuta su tun bai manta ba, don na gaba.

Ku kuma da Allah ya ɗora a bayan teburin, ku ji tsoron Allah a kan amanar da ke hannunku. In kun ga yaro ya sunkuyar da kai, ku ƙara masa tambaya ɗaya, ku ce me kake yi tun da ka gama makaranta. Sau da yawa a nan ne za ku ji abin da kuke nema.

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. Duk mai takardu a gida, ya fito da su a daren nan ya duba suna da ranar haihuwa, ya kuma rubuta labaransa uku kafin ya kwanta. Wanda ke da intabiyu a wannan mako, Allah ya ba da sa'a, ya sa a dace da mafi alheri.

(Kiɗan rufe shiri)